Kumburin da ba a gani: abin da ke cin jijiyar jini tun kafin ɓarin jiki ya shanye

Idan ɓarin jikin mutum ya shanye a ƙauye, labarin kusan iri ɗaya za ka ji, ko a Gaya kake ko a Gwaram. Lafiyarsa ƙalau, jiya ma sai da ya je gona, da asuba ya shiga makewayi aka ji faɗuwarsa. Aka ɗauko shi baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Da yake abin farat ɗaya ya zo, kuma a wurin da mutane suka riga suka ɗauka matattarar iskoki ne, sai hankali ya tafi kan shafar aljani ko jifa. Alhali jini dama da sassafe ya fi hawa, shi ya sa ko a ƙasashen da ba a zancen iska an fi samun wannan ciwo tsakanin asuba da hantsi. Faɗuwar ce kaɗai ta zo farat ɗaya. Abin da ya kawo ta ya yi shekara goma ko ashirin yana aiki a ɓoye cikin bangon jijiyoyin jini, kuma kumburi ne ke jan ragamar aikin.

Kumburi a kan kansa ba cuta ba ne. Ƙaya ta soki ƙafa, wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tasa: jiki ne ya turo fararen ƙwayoyin jini su kashe abin da ya shigo, su kwashe naman da ya mutu, sannan su janye a yi ɗinki. Ba don haka ba da ƙaramin rauni ma ya isa ya kai mutum kushewa. Matsalar tana farawa ne idan abin da ya tsokano su bai gushe ba. Sai su zauna, su ci gaba da aiki kaɗan-kaɗan, ba zazzaɓi, ba ciwo, ba wata alama da za ta sa a je asibiti.

A cikin kowace jijiyar jini akwai wata shimfiɗa siririya ƙwarai, kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, tun daga babbar jijiyar da ta fito daga zuciya har zuwa ƙananan da ido ba ya gani. Ita ke hana jini daskarewa yana cikin tafiya. Ita ke fitar da wani sinadari, naitirik oksaid, da ke sa jijiya ta saki ta buɗe idan ana bukatar ƙarin jini, kuma a kan gano wannan aka ba masana uku kyautar Nobel a 1998. Ita ce kuma ke tantance abin da zai ratsa bango da wanda zai wuce. Jinin da ke dukan ta da ƙarfi dare da rana, sukarin da ya yi yawa, hayaƙin taba ko na itace, duk suna gajiyar da ita. Idan ta gaji sai ta rage fitar da sinadarin nan, fuskarta ta yi danƙo, ta fara yoyo.

Daga nan wani nau'in kitse da ke yawo a jini, wanda likitoci ke kira LDL, ya samu kafar kutsawa ƙarƙashinta. Yana maƙalewa a can sai ya lalace, jiki kuma ya ɗauke shi baƙo. Fararen ƙwayoyin jini su manne a wurin da ya yi danƙo, su ratsa ciki, su yi ta haɗiyar kitsen har su cika su mutu, kafin su mutu kuma sun aika sinadaran kiran 'yan'uwansu. Jiki ya yi ƙoƙarin killace ɓarnar, ya yi mata murfi na zaruruwa masu tauri. Abin da aka samu a ƙarshe bai da maraba da maruru, sai dai wannan a cikin bangon jijiya yake: ciki ruɓaɓɓen kitse da gawar ƙwayoyi, sama fata ta rufe. Kuma kamar maruru, girmansa ba shi ne abin tsoro ba, nunarsa ce. Ƙwayoyin kumburin da ke ciki suna fitar da sinadaran da ke cinye murfin har ya yi siriri. Ran da ya fashe, ba waje zai zubar ba, cikin jini ne, jini kuwa da ya taɓa wannan ƙazanta nan take yake dunƙulewa. Gudan jinin ko dai ya toshe jijiyar a nan, ko ya ɓalle daga jijiyar wuya ya hau sama ya maƙale a wata ƙarama cikin ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka, kuma ba ta da ajiya. An ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyinta kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti.

Wannan fahimta ta daɗe kafin ta samu karɓuwa. Tun tsakiyar ƙarni na 19 likitan Jamus Rudolf Virchow ya duba jijiyoyin mamata ya ce kumburi yake gani, amma aka fi shekara ɗari ana kallon abin a matsayin taruwar kitse kawai. A 1997 Paul Ridker na Boston a Amurka ya nuna cewa lafiyayyun maza da ke da yawan wani sinadari mai nuna kumburi a jini, CRP, sun fi sauran kamuwa da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki a shekarun da suka biyo baya. A 1999 Russell Ross ya wallafa maƙalar da ta fito fili ta ce cutar kumburi ce. Gwajin da ya rufe bakin masu ja shi ne CANTOS na 2017: mutum 10,061 da suka taɓa yin bugun zuciya, aka yi wa wasunsu allurar kanakinumab, wadda ke toshe sinadarin kumburi guda ɗaya ba tare da ta taɓa kitsen jini ba. Haɗarin sake bugun zuciya, ko shanyewa, ko mutuwa ta dalilinsu ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100. Sai dai an ƙara samun masu mutuwa da cututtuka masu yaɗuwa a cikinsu, tunda garkuwar jikin ce aka rage wa ƙarfi.

To amma a ƙasarmu rabin labarin ke nan. Babban bincike da aka yi a Najeriya da Gana mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta kuma asibitocin Kano da Zariya suka shiga, ya duba mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye. A sakamakon da ya fito a 2018, kashi 32 cikin 100 ba toshewa ba ce, jijiya ce ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa, alhali a Turai da Amurka wannan nau'in bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar 59 ne, wato magidanta masu ciyar da iyali. Kuma hawan jini shi kaɗai ya ɗauki alhakin kusan kashi 90 cikin 100.

Dalilin yana cikin ƙananan jijiyoyi. A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu sirara da ke reshe kai tsaye daga manya, don haka duk ƙarfin bugun jini a kansu yake sauka. Shekaru suna tafiya bangonsu yana kauri yana taurara, ramin yana tsukewa, shimfiɗar ciki tana kumburi. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa kuma sun bambanta da na sauran jiki: shimfiɗarsu a ɗinke take tsam, katanga ce da ke hana abubuwan cikin jini shiga naman ƙwaƙwalwa. Idan ta fara yoyo, sinadaran jini su tsiyaya ciki, ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa su harzuƙa, su ma su shiga ɓarna a kan zaruruwan da ke sadar da saƙo daga sashe zuwa sashe. Wata jijiyar ta toshe ta bar ɗan rami da bai kai ƙwayar wake ba. Wata ta yi rauni ta fashe.

Fashewar kowa yana gani. Abin da ba a lura da shi, kuma ni a ganina ya fi yawa a gidajenmu, shi ne ɓarnar da ke taruwa shiru. Dattijon da a da shi ke lissafin buhunan gero da ka, yanzu kuɗin cefane ma yana rikita shi. Tafiyarsa ta koma ta jan ƙafa, taku gajere-gajere, juyawa sai da dafa bango. Fitsari yana kufce masa. Wani lokaci ya fashe da kuka ko dariya ba dalili, ko ya zauna shiru ba ya son komai. Sai a ce gigin tsufa ne, a haƙura. Tsufa na da nasa, amma da yawa daga cikin irin wannan ƙananan shanyewa ne da suka yi ta faruwa ba wanda ya sani, kuma bayan cutar mantuwa ta Alzheimer lalacewar jijiyoyin jini ce ta biyu wajen kawo gushewar tunani. Sau da yawa ma biyun a tare suke a kai ɗaya.

Me ke hura wannan kumburi a karkarar Kano da Jigawa, inda mutane ba su da ƙibar 'yan birni kuma aikin ƙarfi ba ya yanke musu? Na farko gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A tukunyar miya ɗaya kuwa ana zuba gishiri, a marmasa dunƙule uku ko huɗu wanda kusan rabinsa gishiri ne, a ƙara farin magi, a jefa kanwa don kuka ta yi yauƙi, sannan ga yaji mai gishiri a gefe. Kanwa ma sodiyam ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Binciken SIREN ya sa barbaɗa gishiri a kan abinci da ƙarancin cin ganye cikin abubuwan da ke ƙara haɗari, abin takaici kuwa zogale da rama da tafasa da yakuwa a bayan gida suke, sai dai an mai da su abincin rashi.

Na biyu hayaƙi. Ka leƙa madafin da aka yi shekara biyar ana girki da kara da kashin shanu, ka ɗaga kai ka dubi azara: baƙi ƙirin, har maiƙo yake. Matar da ke durƙushe tana hura wutar nan safe da yamma, da goyo a bayanta, abin da ya yi wa rufin baƙi shi take shaƙa. Ƙananan ɓurɓushin hayaƙi suna sauka can ƙasan huhu su tayar da kumburi, sinadaransa su bi jini su kai ga shimfiɗar jijiyoyi, su kuma sa jini saurin daskarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma kashi 23 cikin 100 na wannan adadi shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalinsu. Buɗe taga a madafi, ko fito da murhu tsakar gida, ko busar da itace kafin a hura, ba ƙaramin abu ba ne. Taba kuwa ba sai an faɗa ba.

Na uku cututtuka masu yaɗuwa. Wani bincike a Ingila a 2004 ya gano cewa a kwana ukun farko bayan ciwon huhu ko mura mai tsanani, haɗarin shanyewa yana ninkawa kusan sau uku, domin kumburin da ya game jiki yana iya ƙarasa murfin da dama ya yi siriri. Sanƙarau yana kumbura jijiyoyin da ke ratsa rigar ƙwaƙwalwa, shi ya sa wasu da suka tsira daga annobar 1996, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, suka tashi da shanyayyen hannu. Tarin fuka idan ya hau kai haka yake yi, ƙanjamau da tunjere ma haka. A zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga ne ke mannewa a shimfiɗar ƙananan jijiyoyi. Har ciwon dasashi, wanda ke sa jini fita idan an yi asuwaki, an sha ganin alaƙarsa da shanyewa, ko da yake ba a kai ga tabbatar da cewa gyaran haƙori kaɗai yana hana ta ba. Mace kuma da ta yi hawan jinin ciki ko jijjiga wajen haihuwa, shimfiɗar jijiyoyinta ce ta rikice, kuma haɗarin yana bin ta shekaru bayan an yi suna an watse. Ya kamata ta riƙa auna jini ko ba ciki.

Sai amosanin jini, wato sikila, inda ake ganin wannan al'amari ƙarara a jikin yara. Ƙwayar jini mai siffar lauje tana gogar shimfiɗar jijiya, tana mannewa, tana fashewa ta saki abin da ke cinye naitirik oksaid. Jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa su yi ta tsukewa, har yaro ɗan shekara bakwai ya wayi gari da shanyayyen ɓari. Idan ba a yi rigakafi ba, kusan kashi 11 cikin 100 na masu sikila suna gamuwa da haka kafin su kai shekara 20, Najeriya kuwa ana haifar kimanin 150,000 a shekara. Akwai na'ura da ake ɗorawa a gefen kai, ba allura ba ciwo, ta auna gudun jini a jijiyar. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin haɗari. A Amurka ƙarin jini duk wata ake yi wa irin waɗannan yara, abin da iyaye a Ringim ko Sumaila ba za su iya ba. Shi ya sa gwajin SPRING da aka yi a Kano da Kaduna yake da daraja. Dakta Shehu Abdullahi na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt da abokan aikinsu sun bi yara 220, suka nuna a 2022 cewa ƙwayar haidiroksiyuriya, ko da ƙaramin awo ne na miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin yaro, tana ba da kariya. Cikin abubuwan da maganin ke yi har da rage fararen ƙwayoyin jini da rage danƙon jajayen.

Yanzu ga inda nake tsoron a yi wa wannan bayani gurguwar fahimta. Wanda ya ji cewa kumburi ne tushen abin, zai ce to ai maganin kumburi yana nan a kemis. Manomi ya dawo daga noma jiki duk ya yi tsami, ya tsaya wurin mai kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. A ɓallo ja, a ɓallo fari, a ɓallo ruwan ɗorawa, a ƙulle a leda: galibi diklofenak ne da ibufurofen, wani lokaci har da deksametazon. Waɗannan suna kwantar da ciwon gaɓa, amma ga jijiya illa suke. Suna sa jiki riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga jini, suna karya ƙarfin maganin hawan jini, suna taɓa ƙoda. Wani ɗan'uwansu mai suna Vioxx an janye shi daga kasuwar duniya a 2004 saboda ya ƙara bugun zuciya da shanyewa. Deksametazon, wanda wasu mata ke sha don ƙiba, yana ƙara sukari a kan hawan jinin.

Magungunan da aka gwada musamman don kumburin jijiya ma sakamakonsu a gauraye yake. Metotireksat, wanda ake ba masu ciwon gaɓɓai, an gwada shi a 2018 bai yi komai ba. Kolcisin, tsohon magani mai araha, ya taimaki masu ciwon zuciya a gwaje-gwajen 2019 da 2020, har Amurka ta amince da shi don wannan a 2023. Amma da aka ba waɗanda suka riga suka yi shanyewa, gwajin CHANCE-3 a Sin mai mutum 8,343 bai ga bambanci ba a wata ukun farko, na CONVINCE mai mutum 3,154 ma bai kai ga hujja yankakkiya ba. Duka biyun a 2024 suka fito. Awon CRP ɗin ma, a inda zazzaɓin sauro da tsutsar ciki da ruɓaɓɓen haƙori ke ɗaga shi kullum, ba zai faɗa wa likita abin kirki game da jijiya ba. Kuɗin da za a kashe a kansa gara a sayi maganin hawan jini na wata biyu.

Domin abin da ya fi kashe kumburin jijiya shi ne ɗauke mata abin da ke dukan ta. Hujjar da ta fi kama da yanayinmu daga karkarar Sin ta fito. A ƙauyuka 326 aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, su auna jini, su fara magani, su ƙara awo bisa tsari har ya sauka ƙasa da 130 a kan 80, su bi mutane gida, maganin kuma kyauta ko da rangwame. Cikin mutum kusan 34,000, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 34 cikin 100 a shekara uku, gushewar tunani ta ragu da kashi 15 a shekara huɗu. Ba wata sabuwar allura, tsofaffin ƙwayoyi ne irin amlodifin da ake samu a Dutse da Bichi. Gwajin CREOLE da Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida ya nuna a 2019 cewa haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Maganin rage kitse na sitatin shi ma yana saukar da CRP. A gwajin JUPITER na 2008 ya rage shanyewa kusan da rabi a cikin masu alamar kumburi. Cikas ɗinmu shi ne yadda ake shan maganin: a sha sati biyu, ciwon kai ya tafi, a ajiye. Hawan jini galibi ba ya ciwon kai, kuma ranar da aka daina sha a ranar jinin ya fara komawa inda yake.

Wani lokaci jijiya tana gargaɗi. Hannu ya mutu na minti goma ya dawo, ko magana ta harɗe ta warware, ko ido ɗaya ya rufe ya buɗe. Gudan jini ne ya toshe ya narke, kuma kwana biyun da ke biye su ne mafiya haɗari, don haka ranar za a je asibiti, ba ran kasuwa ba. Idan kuwa babbar ta zo, a kwantar da mutum a gefensa, kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, domin maƙogwaro ma yana shanyewa, abin da aka ɗura huhu zai tafi. Addu'a ana yin ta a cikin mota. Kada kuma a ba shi asfirin kafin a ɗauki hoton kai, tunda a nan ɗaya cikin uku zubar jini ce, asfirin kuwa ƙara ta zai yi. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi daga lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe, shi ya sa yana da kyau wani ya riƙe lokacin, kuma a nufi babban asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa kai tsaye maimakon a bi ta kemis da ƙaramin asibiti ana ɓata awanni.